Hannuwan Gwaggo a Majigi

Duk lokacin da na ɗaura ƙyalle a bakin randa zan tace ruwa, sai wata bazara ta dawo mini. Shekarar ba ta da daɗi, don ba a daɗe da fita fari ba. Rijiyoyin Gwandu sun ja baya, mutane na ɗibar ruwan tafki, kurkunu kuwa ya kwantar da manoma da yawa. Amma a gidanmu babu mai shi, saboda Kaka. Fura take sayarwa, kuma duk unguwa an san ba ta dama ta da ruwan da bai bi ta farin ƙyalle ba.

Gwaggo, autar Kaka, tana Sakkwato ita da mijinta. Muna jin an ce tana wasan kwaikwayo, ni dai ban san abin da ake nufi ba. Sai ga motar majigi ta zo bayan magariba, aka kafa farin yadi a fili. Haske na faɗawa a kai, sai ga Gwaggo, kanta ya kai girman rumbu! Na zagaya bayan yadin in ga ta inda ta shiga. Ban tarar da kowa ba sai wani jaki a ɗaure.

Da na dawo, na iske fuskar Kaka ta canza. Ashe Gwaggo ƙazamar mata ta fito. Ta kamfato ruwan tafki, awaki na ciki, ta dama fura da shi ta ba miji. Maƙwabciyarta ta cikin majigin kuwa, mai tsabta, tana tace nata. Mutane suna ta dariya. Wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, “Ashe haka aka damun hura gidanku?”

Daga ranar ƙwaryar Kaka ta fara kwana da fura. Wasu tsokana ce kawai, wasu kuwa da gaske suka ɗauka, don a ganinsu 'ya ba ta koyon damu sai a wurin uwarta. Kaka ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta dai daina fita ƙofar gida.

Ana nan sai Gwaggo ta zo. Na yi ta shafa hannunta, ina mamakin yadda ta koma ƙarama. Ta durƙusa ta gai da Kaka, Kaka ta kau da kai.

“Inna, wasa na fa.”

“Wasa? Duk Sakkwato ba a samu ɗiyar da za ta yi ƙazanta ba sai tawa?”

Gwaggo ta ce jibi za a nuna shi a Kalgo, ta roƙe ta su je tare. Kalgo kuwa can aka haifi Kaka, danginta duk suna can. Ta yarda, amma da niyyar ta roƙi mai majigi ya rufa mata asiri. Aka tafi da ni riƙon buta.

Ba ta samu ganinsa ba, har aka fara. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Da aka zo wurin mai tsabta, inda ba a nuna komai sai hannuwa da bakin randa, Gwaggo ta taɓa ta.

“Inna, dubi ɗaurin nan.”

Kaka ta leƙa. Hannuwan suka ninka ƙyalle biyu, suka zagaya, suka soke bakinsa ta ƙasa, ba ƙulli. Duk garinmu Kaka kaɗai ke wannan ɗauri. Ga kuma tabon ƙuna a babban yatsa, wanda Gwaggo ta samu tana yarinya. Ashe waccan matar ta kasa ɗaurin, ƙyallen na ta zamewa cikin randa, sai aka ɗauki hannuwan Gwaggo aka haɗa da fuskarta.

Kaka ta miƙe tsaye, inuwarta ta rufe rabin yadin. “Jama'a, hannuwan ga na ɗiyata na! Ni na koya mata!” Aka yi ta ihu ta zauna, ita kuwa sai da ta maimaita.

Daga baya Gwaggo ta shiga talabijin ɗin Sakkwato, ta fito uwar miji, ta fito mai ƙosai, ta daɗe ana dariyarta. Yanzu jikokina a waya suke kallon irin waɗannan wasanni, ba mai zagayawa baya ya duba. Ni kuwa har yau hannuwa nake kallo, ina tunanin ko na wane ne.

Washegarin dawowarmu daga Kalgo, Kaka ta sa aka fito da randarta ƙofar gida. Ta zauna a gaban kowa, ta ninka ƙyallenta biyu, ta soke, ta tace ruwa, sannan ta aike ni da ludayin farko gidan tsohuwar nan da ta yi mata gori.