Ya Falmata da Ƙanƙarar Malam Dodo

Da an sallame sallar asuba sai Ya Falmata ta rataya jakarta ta fito daga unguwar Birni, ta tare kabu-kabu zuwa gidan likita. Ɗakin da take aiki ba ya cikin waɗanda mutane ke marmarin leƙawa. Nan ake kwantar da waɗanda aka yi wa aikin baki da muƙamuƙi: wanda babur ya kayar, wanda ƙari ya ci wa ƙashi, yaran da ciwo ya ɓarke wa kumatu. Da yawansu an ɗaure musu haƙoran sama da na ƙasa da waya, ba magana, ba tauna, ko hamma babu. Kafin ta ajiye jaka sai ta bi gadaje tana duba ko almakashin kowa na rataye a kansa, don wanda bakinsa ke ɗaure in amai ya taso masa ba a yanke wayar ba, sai dai wani labarin. Sannan ta ɗaga kan wannan da matashi, ta tace wa wancan kunu, ta narka magani a ruwa ta ja cikin sirinji mai ɗan tiyo a baki. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa tun da na ji hankalina bai kwanta ba.

Ya Falmata ba ta yarda da “da sauƙi” ba. Mu mutanen Damagaram, ko ƙafar mutum ce ta rabu da jikinsa, ka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce maka. Saboda haka ita tana gaisuwa da baki, idonta na kan yatsun ƙafa da hannun da ya damƙe zanen gado. Ƙa’idarta ba ta da yawa: a sha magani kafin ciwo ya taso, kada a jira sai ya yi kaka-gida, kuma kada a zuba shi a cikin da babu komai.

Wasila, wata mata daga Dakusa, ita ta ba ni labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mijinta Abdulmumin yana ɗaure san amalanke, san ya kai masa kai a haɓa, muƙamuƙi ya karye. Aka kawo shi Zinder, aka gyara ƙashin, aka ɗaure baki. Likitan da ya yi aikin baƙo ne, zuwa yake ya koma, kuma ya riga ya tafi. Abin da ya bari shi ne gargaɗi: in majinyaci ya riƙa datse haƙora saboda zafi, ƙashin na iya gocewa ya haɗe a karkace, mutum ya ƙare rayuwarsa a kan kunu.

Washegarin aikin sai ga Malam Dodo, mahaifin Wasila, daga Zermu. Dattijo ne mai son surukinsa kamar ɗan cikinsa. Ya shimfiɗa buzunsa a gindin gado, ya fito da carbi, ya ce ba inda za shi sai ya ga yaron nan ya tashi. Ko salla a nan yake yi. Kowa a ɗakin ya yaba, ban da ’yarsa.

Ta san abin da zai biyo baya. Tun da aka ɗaura musu aure Abdulmumin bai taɓa kurɓar ko ruwa a gaban mahaifinta ba. Balle yanzu da ake cusa masa tiyo ta gefen kumatu, kunu na dalala a gemu kamar na jariri. Da ta matso da sirinji sai ya juya fuska bango. In Malam Dodo ya ce, “Ya jikin?” sai Abdulmumin ya gyaɗa kai, wai da sauƙi, alhali gumi ya jiƙa matashi. Sai bayan magariba, in tsohon ya tafi masauki, yake yarda ya sha, lokacin kuwa ciwo ya gama cin ƙarfinsa. Wasila na kallon jijiyar wuyansa tana tashi, tana jin ƙarar haƙora a kan waya, ba ta da bakin cewa ubanta ya tashi, ba ta da bakin cewa mijinta ya ajiye kunya.

Ya Falmata ta yi masa allura ya ɗan samu barci, amma ta san allura ba ta cika ciki. Ta jawo Wasila baranda.

“’Yata, kunun nan da nake gani yana kwana a kwano, ɗaci gare shi?”

Wasila ta sunkuyar da kai. “A’a, Inna.”

“Dattijon nan, mahaifinki ne ko nasa?”

“Nawa ne.”

Ya Falmata ta ce, “To, na ji. Share hawayenki, kada ya gani.”

Da wani ma’aikacin ne, da ya ce lokacin ziyara ya wuce, ya sa mai gadi ya fitar da tsoho, gaskiyarsa kuma. Amma da Malam Dodo ya koma Zermu da abin a ransa, Abdulmumin kuwa ya kwana da sanin saboda shi aka kori surukinsa. Ita sai ta je ta durƙusa gefen buzun.

“Malam, taimako na zo nema. Kumburin nan ƙanƙara yake so, a naɗe a tsumma a ɗora a kumatu. Akwai mai sayarwa can bakin kasuwar Dole. Yaran yanzu in na aike su, ruwa suke kawo mini. Kuma ’yar kaɗan ake so, da hantsi, da azahar, da la’asar, don ba ta jira.”

Malam Dodo ya miƙe tsaye har carbi na faɗuwa. “Hajiya, ai da kin faɗa tun jiya!”

Yana ba da baya ta ja labule, ta zauna bakin gado. “To, mai kunya, ya tafi. Buɗe mini gefen nan.” Kunu ya fara shiga, magani ya bi baya. Wasila ta ce tana tsaye ta ga yatsun mijinta suna sakin zanen gado ɗaya bayan ɗaya. Kafin tsohon ya dawo da ƙanƙararsa a buhu yana haki, an goge gemu, an wanke sirinji, Abdulmumin na barci.

Haka aka yi ta yi. Kumburi ya saɓe, ƙanƙara ta gama amfaninta, amma Ya Falmata ba ta soke aiken ba, Malam Dodo kuma bai fasa ba, cikin ranar nan ta bazara mai narka kwalta. Wasila dai ba ta saki jiki ba. Kullum tana duban haɓar mijinta ta wannan gefe da wancan, tana tsoron ko kwanakin farko sun riga sun yi ɓarna. Ranar da aka kwance waya, da ƙyar ta iya kallo. Abdulmumin ya buɗe baki a hankali, ya rufe, haƙora suka zauna daidai a kan ’yan’uwansu. Ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Da suka zo sallama, Malam Dodo ya tsaya a baya har ’yarsa da mijinta suka yi gaba, amma Wasila ta jiyo shi.

“Hajiya, tun kwana na biyu na ga firigon da ke ɗakinku, na’urar sanyin nan. Cike yake da ƙanƙara.”

Ya Falmata ta rufe baki da mayafi. “To, Malam, me ya sa ka ci gaba da shan rana?”

“In na daina, yaron nan zai san na gane. Kunyar ta zama biyu ke nan.”

Ya Falmata, ke ce mai jin maganar waɗanda aka ɗaure wa baki. Ke ce kika san ciwon muƙamuƙi ba a muƙamuƙi kaɗai yake tsayawa ba. Shekaru kina goge gemun manya da haɓar yara, ba wanda ya taɓa jin kin fita da sirrin wani. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki hutu cikin lafiya.

Tsorona shi ne wata mai kamawa, ranar da wani surukin zai shimfiɗa buzunsa a gindin wani gadon. Ku da za ku gaje ta, magani yana nan, sirinji yana nan. Don Allah ku riƙa duba kwanon kunu, ku duba yatsun ƙafa, ku tambayi wane ne ke zaune kusa da majinyaci.

Abdulmumin kuwa har yau gaya wa mutane yake ƙanƙarar surukinsa ce ta warkar da shi. In kun gan shi ranar kasuwar Takieta yana tauna tsire da haƙoransa, ku gaishe shi ku wuce, kada ku gaya masa.