Ranar da langar Inna ta zama kup

Shekarar da anka sallame ni daga lakwal, wato makarantar boko, mu samarin unguwarmu a Konni munka shirya wasan balo, ƙwallon ƙafa ke nan, da 'yan bakin tasha. Fili akwai, balo akwai, kup ɗin da za a ba wanda ya ci ne babu. Ni da bakina bai san rufuwa ba, na ce su bar mini wannan.

Inna, mahaifiyata, tana da jeren kwanoni a ɗakinta har kusa da rufi. Can sama akwai wata langa mai murfi, fara fat, da jan fure da shuɗin baki. Ko loma ɗaya ba a taɓa ci cikinta ba. Kowace Juma'a sai ta sauko da ita ta goge, ta maimaita mana abin da mai kwanoni ya gaya mata: wai ƙarfe ne ake bugawa a Kano, a shafe shi da garin gilashi, a gasa har ya narke ya kama jiki. Shi ya sa ba ta tsatsa, ba ta riƙe warin daddawa. Amma in ta bugu gilashin ya ɓalle, babu mai gyara shi.

Dabarata mai sauƙi ce. Laraba Inna ta tafi suna, mu ci wasa, mu ɗaga langa, in mayar da ita. Laraba na yi, na naɗe ta cikin riga na fice.

Sunka ci mu biyu da nema.

Kapiten ɗinsu, wani dogo mai ƙafa kamar taɓarya, ya rungume langa. Na bi shi ina lallashi.

"Don Allah abokina, ta Innata ce."

"To ka ce wa Innarka ta zo ta tsare muku gida, ta fi golanku."

Sunka wuce suna kiɗa a gindinta da dutse. Ina ji ta yi ƙas.

Na tura wata tasa inda take, na shiga addu'ar kada Juma'a ta zo. Alhamis da la'asar muna tsakar gida sai ga sallama. Kapiten ne, duk tsawon nan nashi, ɗauke da langa a ka cikin ƙyalle, fuska murtuk. Ashe uwarshi ta kife ta za ta wanke, ta ga ɗigo uku na jan farce a gindi. Duk macen da ke zuwa biki a yankinmu ta san shaidar Inna ce. Kuma ba a mayar da kwanon mutane wayam, sai ta cika shi da shinkafa da zabo.

Inna ta duba. "Wanga kwano da ƙafa ya je gidanku?"

"Kup ne, Inna. Mu munka ci shi."

Ta juya langar, ga inda ya ɓalle, baƙi ƙirin kamar idon akuya. Ta daɗe tana shafa wurin da yatsa. Ni dai ina auna nisan ƙofa.

"Nawa da nawa?"

"Biyu da nema, Inna," in ji Kapiten.

Sai ta cafke kunnena. "Kai ɗan nema! Ka kai langata fili, ko ɗaya ka kasa jefawa? Mi kake yi, kallo?"

Kapiten ya fashe da dariya har ya zauna ƙasa. Ita ma ta kasa riƙewa. Ta ce tunda langa ta yi ido, ta bar jere ke nan, mu wanko hannu. Ta ba shi cinya, wai ta wanda ya ci wasa ce. Ni ta miƙo mini wuya.

Tun ranar langar ta zama kwanon tuwona. Da wurin ya yi tsatsa ya huje, Inna ta kai wa mai liƙi ya ɗiga mata dalma, ta ce in ci gaba da ci, ai kup ɗin da zan taɓa ɗagawa ke nan.