Ranar da Na'ura Ta Ce Auta Ta Fita

Da sunan Allah nake farawa. Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubuta min. In na maimaita magana ku yi haƙuri.

Autata ce ta fara ba ni labarin Baba Mai Gyara, a waya, tun watanta na farko a ƙasar da ta je aiki. Ta ce, "Inna, ofishin nan hawa bakwai ne, kowa da yarensa. Wadda teburinta ke kusa da nawa, yaren da take zagi da shi daban, wanda take waya da uwarta daban." Na ce to ke wa ke kula da ke a cikinsu? Ta ce wani tsoho ne mai gyaran wuta da famfo, shi ma baƙo ne. A jirgin ruwa ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran inji, har inji ya cinye masa yatsu biyu, ya sauka bai koma ba. Ya fi shekara ashirin a benen nan. Matarsa guga take yi a gidan wanki, 'ya'yansu uku duk mata. Yaren aikin ma bai gama iyawa ba, rabi da baki yake yi rabi da hannu.

Na ce yana salla? Ta ce a'a. Na ce to ki riƙa gaishe shi daga nesa.

Ta ce, "Haba Inna, ya girmi Baba fa. Jikarki mai rarrafe ta fi shi haƙora."

Yanzu ga inda laifina yake. A ofishin kowa yana da kati a wuya, in za ka shiga ka taɓa shi a ƙofa, in za ka fita ka taɓa, na'ura tana riƙe da wanda ke ciki da wanda ya fita. Hutun cin abincinsu yana ƙarewa azahar ba ta yi ba. Auta ta ji kunyar roƙon wuri, sai ta samu wani ɗakin tsofaffin takardu a hawa na shida, a waje da ƙofar katin, can ƙarshen lungu. Da ta gaya min, ni na ce mata, "Lokacin nan na masu aiki ne, amana ce. Ki taɓa katin ki nuna kin fita, ki yi sallarki da lokacinki." Haka take yi kullum, ba wanda ta gaya wa.

Bara na je wurinta a duba min ido. Ranar da za mu ga likita ta zaunar da ni a ƙasan benen, kan wata kujera mai laushi kusa da tukunyar fure, ta ce, "Inna kada ki motsa, kada ki shiga lif, in na yi salla zan sauko." Ina zaune ina jan carbi sai ƙararrawa ta ɗauka. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, har cikin haƙorina. Mutane suka fara zubowa daga matakala, farare, baƙaƙe, masu rawani, masu gajeren siket, wata takalminta a hannu. Wani mai gadi ya kama kafaɗata ya fitar da ni filin ajiye motoci.

Na ɗaga kai, ga hayaƙi baƙi yana fitowa ta wata taga a sama.

Aka jeru layi layi. Wata doguwar mata da riga mai sheƙi tana duba na'urar hannunta tana kiran sunaye. Ina bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, babu Auta. Na je na riƙe hannun matar ina faɗin sunan 'yata. Ta duba, ta yi min murmushi, ta nuna min titi da hannu. Wato ta fita, ba ta ciki. Innalillahi. Ni kuwa na san abin da na'urar ta gani, kuma na san wa ya sa.

Na kama wannan, na kama wancan. Ina cewa tana ciki, wallahi tana ciki! Ɗaya ya gwada min wani yare, wata ta gwada wani, wata ta miƙo min ruwa. Yare ya kai goma a filin nan, ba nawa ko ɗaya. Addu'ar da na haddace tun ina yarinya ta ɓace min. Da na rasa yadda zan yi sai na tsaya tsakiyarsu na ɗaga hannuwa kamar mai kabbara, na yi ruku'u, na nuna benen. Na sake yi. Suna kallona da tausayi, sun ɗauka addu'a nake wa ginin.

Sai wani gajeren tsoho ya tsaya gabana, ya ɗaga yatsu yana nuna min shida, wato hawa na shida. Da na ga hannun nan mai yatsu uku na gane shi. Na gyaɗa kai kamar wuyana zai cire. Ya yi wa doguwar matar tsawa da yarensa, ya juya da gudu. Mai gadi ya riƙo rigarsa, ya fizge. Motar 'yan kwana-kwana ba ta iso ba tukuna.

An ce minti bakwai ya yi. Ni dai na san na zauna a ƙasa, na san ina cewa ya Allah ni ce, ba ita ba ce.

Suka fito ta ƙofar baya, ya rufa mata jiƙaƙƙiyar rigarsa a ka, shi kuwa yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Ashe ta ji ƙarar, ta ɗauka gwajin da suke yi duk wata ne, ta ƙarasa sallarta. Da ta buɗe ƙofa ba ta ganin ko hannunta, ta koma ta rufe, wayarta kuma tana kan tebur. Na rungume ta ina kuka, ta ce, "Inna za ki ƙarasa abin da hayaƙi ya fara."

Daga baya ta tambaye shi yadda ya sani. Ya ce wata tara ke nan yana ganin kwali ɗaya a shimfiɗe a ɗakin, kullum fuskarsa gefe guda, ya gane wurin sallarta ne, shi ya sa ya daina ajiye tsani a wurin. Ya ce ya san mai shan taba a bayan matakala, ya san mai barci a motarsa, ba a tambaye shi ba ne kawai.

Manyan ofishin sun gode masa, kuma sun ba shi takardar gargaɗi don ya koma cikin gini. Auta sun ba ta wuri a ciki, suka ce kada ta ƙara taɓa kati sai in barin benen za ta yi. Na ce ta ce musu na ji. Har yanzu in wayarta ta yi ƙara uku ba ta ɗauka ba, sai na nemi bango na dafa.

Shi kuwa ƙirjin bai koma daidai ba, likita ya hana shi hawa sama. Yana ƙasa yanzu, kan kujera kusa da ƙofa, yana karɓar saƙonni yana rarraba wa masu su, yana faɗa da yaran da aka ɗauka a madadinsa wai ba su iya ɗaure famfo ba. Allah Ya ba shi lafiya.