Mai riƙon igiya

Ƙauyenmu yana kusa da Kanan-Bakashe, kuma a zamanin da nake faɗa Nasara bai zo ba tukuna, tsoronmu biyu ne, fari da mahara. Idan an gama kaka ɗari ya shigo, da an ci tuwo sai mu tara kara mu hura wuta a ƙofar ɗakin Inna Delu, uwar babana. Ni da abokina Mantau muke zama kusa da ita. Allonmu ɗaya a wurin malamin gari, shi ya rubuta a ciki ni a baya, har mutane ba sa kiran ɗaya sai sun haɗa da ɗaya.

Inna takan zungure ni da kara ta ce, "Kai miji na banza, matsa can, kana tare mani wuta." Mu yi ta dariya. Amma akwai wata tatsuniya da in ta ɗauko ta, wasa ya ƙare.

Wai wasu abokai ne, Nomau da Tanko, tare suka yi karatu, da suka girma suka zama maginan rijiya. Rijiyoyin ƙasarmu zurfi gare su, ga rairayi, ba wanda yake hawowa da kansa. Saboda haka a al'adar magina, mai shiga shi yake zaɓen mai riƙe masa igiya, shi kuma mai riƙon ba ya barin bakin rijiya sai ɗan'uwansa ya fito, ko da sama za ta faɗo. Ran nan Tanko yana can ƙasa, Nomau yana sama, sai aka ji kururuwa daga gari, mahara sun faɗa. Masu taya su jan ƙasa suka watse. Nomau shi kaɗai ba ya iya jawo ƙato. Ya hango hayaƙi daidai gidansa, inda ya bar matarsa da 'ya'yansa. Ya ɗaure igiyar a jikin gwafa, ya leƙa ya ce yana zuwa, ya ruga. Ya fid da iyalinsa zuwa daji. Kafin gari ya lafa ya dawo, rijiya ta rufta.

Nan Inna take tsayawa, ko ƙurunƙus ba ta cewa.

Wani dare Mantau ya miƙe ya ce, "Inna, wanga Nomau maci amana ne. Ni da ba ni saki."

Ta dube shi ta ce, "To ɗiyan nashi hwa, a bar ma mahara su? Zauna, yaro. Ba ka haihu ba."

Na ce, "To wa ke da laihi?"

"Shi na daɗe ina nema," in ji ta. "In ka same shi ka hwaɗa mani."

Haushinta na ji a ranar. Ina son tatsuniya ta nuna mini mugu in tsane shi in je in kwanta.

Muka girma, Inna ta rasu, muka yi aure. Gonata da ta Mantau iyaka ɗaya, kuma muka haɗa rumbun iri, inda kowa yake ajiye zangarniyar gero mafi kyau, ba a taɓawa ko da ana kwana da yunwa. Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke. Muka ci dusa, muka ci ganye, muka tone gidan tururuwa. 'Yar Mantau ta fari ta mutu, ta biyun ta fara kumburi. Wata safiya na tarar da gidansa ba kowa, sun yi kudu wajen Katsina. Na leƙa rumbun, ko zangarniya ɗaya babu.

Na so in tsine masa, wallahi na so. Bakina ya ƙi, domin na ga cikin yarinyar nan da idona. Abin da tatsuniyar Inna ta yi mini ke nan, ba ta koya mini yadda zan tsira ba, sai dai ta ƙwace mini fushin da zan huce da shi. Na gane cewa tsakanin talakawa zumunci gaskiya ne, amma yunwa ta fi shi ƙarfi, kuma ba ta tambayar wa ya yi karatu da wa.

Ban sake ganin Mantau ba, ban san ko yarinyar ta rayu ba. Da ruwan shuka ya sauka, na ɗauki sungumi na bi mutane gona kamar kowa. Na sare ramuka har rana ta take, matata tana biye da ni da ƙwaryar iri, ba ko ƙwaya ɗaya a cikin ƙwaryar.