Malam Dalma da Ɗakin Bayan Laburare

Idan aka tashi daga makaranta, malamai su kama hanyar gida, ɗaya daga cikinsu kuwa sai ya nufi tsohon sito na bayan laburare. Ya share, ya buɗe taga, ya jera wayoyi da ƙananan injinan da ya ciro daga matattun fankoki. A nan yake koya wa yara haɗa mutum-mutumi mai tafiya da kansa. Saboda ƙaurin dalmar da ba ya barin rigarsa, yara suka sa masa Malam Dalma.

Mutane sun fi tuna kofunan da kulob ɗin yaran nasa ya ciyo a gasa. Waɗanda suka zauna a ɗakin kuwa wata rana suke tunawa. Wata ɗaliba da ake kira Auta tana jona batir sai ya kumbura, ya fara hayaƙi a hannunta. Kafin yara su gama ja da baya Malam ya fizge shi ya jefa cikin bokitin yashi. Yatsunta sun ƙone, tafin hannunsa ya saɓule.

Washegari aka taru a ofishin shugaban makaranta. Mahaifin Auta ko zama bai yi ba.

"Likita nake so ta zama," in ji shi. "Kai ka mai da ita mai wasa da wuta. Da a fuska ne fa?"

Malam ya ga shugaba ya sunkuyar da kai, ya san an gama shawarar rufe ɗakin.

"Gaskiyarka, Baba," ya ce. "Ni ya kamata in duba batirin. A cire ni a kawo wani, amma kada a rufe wa yaran nan ƙofa."

Uban ya juya ga 'yarsa. "Ke fa? Ai kin ga abin da ya isa."

Ta ce, "Baba, so nake in san abin da ya sa batirin ya kumbura."

Uban ya daɗe yana kallon bandejin hannunta, sannan ya kalli na Malam. Ya ce zai riƙa zuwa yana zama a ɗakin har sai ya gamsu. Haka kuwa ya yi, fuska a murtuke, har ranar da aka gan shi yana riƙe wa yara waya.

Yau Auta injiniya ce, aikinta gwada batura kafin su shiga gidajen mutane. Wani abokin karatunta shi ke gyaran na'urorin asibiti. Wasu sun bi hanyar da ba ruwanta da waya, amma ba su tsoron buɗe abin da ya lalace.

Malam, kai ne ka tare wuta da hannu, ka tare fushin uba da gaskiya. Mun gode, Allah Ya saka da alheri.

Ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Yara suna ta tambayarsa wa zai zo bayansa, shi kuma ba shi da amsa. Duk mai sana'a a hannu da zai iya ba yaran yammaci guda a mako, shi ne amsar.