Amanar Gwangwanin Madara

Ni ne ɗan fari a ɗakin Inna, shi kuma auta. Mata uku ne a tsakaninmu, duk aure ya kai su nesa. A shekarun da nake magana, wajen ƙarshen alif ɗari tara da casa'in da wani abu, ni mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, a Tabotaki, cikin ƙasar Buza. Ina da mata da ƴaƴa mata biyu, ga ciki na uku. Ƙanena yana gida, a unguwar ma'aikata kusa da asibitin mishan inda aka haife mu duka, wajen Madawa. Ya samu aiki a biron asibitin, wato ofishinsu, don ya iya bugun takarda, ya yi aure, ya samu ɗa namiji.

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kunyar ɗan fari. In na zo hutu sai ta ce, "An iso?" ta juya ta ci gaba da tankaɗe. Na san al'ada ce, na kuma san tana sona. Amma auta yana shigowa za ka ji muryarta ta sake, ɗansa kuwa kullum yana goye a bayanta, tana kiransa angonta. Ƴaƴana sau biyu a shekara take ganinsu, sai sun kwana biyu kafin su daina ɓuya a bayan uwarsu.

Wata Nowel, wato Kirsimeti, muka zo gida. Bayan an taso daga sujada muna tsakar gida ana rabon shinkafa, sai ga ƙanena da wani abin ɗaukar hoto rataye a wuya. Wani likita Bature ne da ya zo aikin ƴan watanni yake ba shi aro. Abin ba ya cin fim. Wani ɗan faifai ne mai kusurwa huɗu, kamar tafin hannu, ake zura masa a gefe, shi ne disket. Ana ɗauka sai hoton ya fito nan take a ɗan gilashin baya. Yaran unguwa suka yi masa caa. Ya zaunar da Inna a kan turmi da aka kife, ya sa ƴaƴana ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya ɗauka har sau huɗu. A na ƙarshe Inna ta yi dariya, hannunta a kan kitson babbar.

"Yaya, shigo kai ma," ya ce.

Na ce rigata ta yi ƙura, a bari sai wani lokaci. Rigar sabuwa ce, ranar na fara sa ta.

Washegari da hantsi ya kai mu biro, ni da babbar ɗiyata, lokacin tana da shekara biyar. Ya yaye wani farin ƙyalle daga kan ordinatar, wato kwamfuta, ya kunna, ya zura disket. Sai ga ɗansa ya cika gilashin: ranar da aka haife shi, ido a rufe, ranar suna, ana yi masa wanka a cikin roba, ga haƙorin fari, ga shi yana rarrafe zuwa wajen Inna. Ban taɓa ganin jariri ya girma a gaban idona cikin ɗan lokaci haka ba. Ɗiyata ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Baba, ni ina nawa na jinjiri?"

Kafin wannan Nowel hotonta ɗaya ne a duniya, wanda wani mai hoto ya ɗauke mu ranar kasuwar Buza. Ta juya kai daidai lokacin, fuskar ta fito kamar hayaƙi. Ƙaramar ko wannan ba ta da shi.

Na ce, "Lokacinki ba a kawo irin wanga abu ba."

"To shi don mi aka kawo mishi?"

Ƙanena ya yi dariya, ya ɗaga ta ya ce ai ga nata na jiya, ya nuna mata. Ta yi murna. Ni kuwa na kau da kai. Na yi karatu fiye da shi, ni na koya masa baƙaƙe a ƙasa da tsinke. Yanzu ga shi zaune a kujera mai juyawa, fanka na kaɗa masa, yana tara wa ɗansa kowace rana ta rayuwarsa, ni kuma ina can inda ko lantarki babu.

Ranar da za mu koma ya biyo mu tasha da wani gwangwanin madarar gari. A ciki akwai disket shida, ya naɗe su da leda, kowane da rubutu a jiki. Ya ce likitan ne ya koya masa: abin da ke cikin na'ura ba a barinsa wuri guda. Kwafi ɗaya na cikin ordinatar, ɗaya na cikin aljihun teburinsa, na uku kuma ya kamata ya zauna a wani gari dabam.

"Kai nike so ka aje min, Yaya. Abu uku kawai ba ya so: zahi, da ƙura, da lasifika. Kar ka sa shi kusa da rediyo, akwai maganaɗisu ciki, yana share abin da ke kai."

Na ce, "Hoton da ba a gani sai da lantarki, ga shi da tsirfa kamar mai jego."

Ya yi murmushi, ya miƙa wa matata gwangwanin.

Da muka isa Tabotaki ta sa shi a ƙasan akwatinta, tsakanin zannuwa. Nan ya zauna har aka fara zafi. Haihuwa ta matso, tana ta shirya kayan jariri, sai na ce akwatin ya cika, a fitar da abin da ba namu ba. Na ɗauki gwangwanin da hannuna na ɗora a kan rediyona. Babbar rediyo ce mai cin kaset, mai lasifika biyu, tana kan wani katako kusa da taga, tsakaninta da rufin kwano bai fi kamu biyu ba.

Matata ta ce, "Malam, ba nan ne ya ce kar a sa ba?"

Na ce mata ɗakin nawa ne, na san inda nake ajiye kaya. Sau ɗaya ta sauke shi tana shara, ta mayar da shi akwati. Da na dawo daga lakwal na ga babu, na ciro na mayar inda yake.

Ba mantuwa na yi ba. Kullum da azahar in na dawo zan kunna rediyo in ji labarai, idona ya sauka a kan gwangwanin. Wata rana na taɓa shi, ya yi zafi kamar an sauke shi daga murhu. Na janye hannuna na bar shi. Ban ƙi yaron ba, ina sonsa, in na ɗauke shi gemuna yake kamawa. Ban kuma taɓa zama na ce bari in lalata wa ƙanena kaya ba. Abin da nake gaya wa kaina shi ne, in abin nasu na kirki ne ai zai jure. Amma can ƙasan zuciyata ina son wata rana in ji an ce na'urar nan ta ba su kunya, mu dawo daidai, ɗansa da nawa.

Matata ta sauka lafiya, namiji. Na aika da saƙo gida ta hannun direban da ke zuwa Madawa. Na so in ce ƙanena ya taho da abin hoton, girman kai ya hana. Ya zo suna da Inna, hannu sake, ashe likitan ya koma ƙasarsu da kayansa. Aka yi suna aka watse, ko hoto ɗaya ba a ɗauka ba. Ranar gidan cike yake da mutane, matata ta lulluɓe rediyon da zane, bai ga komai ba.

Cikin damina aka yi wani hadari a wajensu, iska ta kwashe rufin biron, ruwa ya sauka a kan ordinatar da teburinsa. Na'urar ba ta sake tashi ba. Disket ɗin aljihun teburi kuwa sun kwana cikin ruwa da laka. Ban san an yi ba sai da na ji ƙarar moto, wato babur, a ƙofar gida wata la'asar. Shi ne, taɓo har gwiwa, ya ce sau biyu ya sauka ya tura moton a cikin korama. Matata ta kawo masa ruwa, muka gaisa, ya ba ni labari.

"Allah ya sa na ji maganar likitan nan," ya ce. "Naka kaɗai ya rage."

Muka shiga ɗaki. Ban samu damar yin komai ba. Rediyon na kunne a hankali, gwangwanin na zaune a kai, murfinsa ya yi ƙura. Ya tsaya yana kallonsa.

"Tun yaushe yake nan, Yaya?"

Matata ta sunkuyar da kai, ta fita da jaririn. Na ce, "Tun bazara."

Ya sauke shi, ya goge murfin da hannun riga, ya buɗe ya ƙirga. Ya mayar da murfin. Ya ci tuwon da aka kawo, ya yi wa ƴan matan wasa, ya ɗauki jaririn ya ce goshinsa irin na Baba ne. Na ce ya kwana, hanya ba kyau. Ya ce yana da aiki da safe. Ya ɗaure gwangwanin a cikin rigarsa ta ciki, ya hau moto.

Sati uku ban ji daga gare shi ba. Lakwal na hutu, ba ni da abin da zai ɗauke min hankali sai ɗan gonar gero da nake nomawa a bayan gari. Matata ba ta yi min gori ba, sai dai in na kunna rediyo ta tashi ta bar ɗakin. Daga ƙarshe na shirya na tafi gida ni kaɗai.

Na same shi a wani ɗan ɗaki kusa da wurin ba da magani, inda suka koma kafin a gyara biron. Akwai wata ordinatar a nan. Ya ba ni kujera, ya jera disket ɗin shida a kan tebur, huɗu gefe guda, biyu gefe guda.

"Waɗanga huɗu sun buɗe, ko da yake wasu hotunan sun yanke rabi. Waɗanga biyu sun ƙi."

Ya zura ɗaya don in gani. Na'urar ta yi ta ƙara kamar mai tauna tsakuwa, sannan ta yi shiru. Na ɗauka na karanta rubutun jiki. Na farko: haihuwa da suna. Na biyun: Nowel, Inna da ƴaƴan Yaya.

Na daɗe riƙe da shi. Sai na ce masa ba kuskure ba ne, ina sane na bar shi a wurin, matata ta hana ni ban ji ba. Na faɗi dalilin ma.

Ya ce, "Na sani. Tun ranar Nowel da ka ƙi shiga hoto na gane akwai magana."

"To don mi ka ba ni ajiyar?"

"Wa gare ni a wani gari in ba kai ba?"

Ya ce matarsa ta yi kuka kan hotunan haihuwar, ya gaya mata zafi ne ya ɓata su, kuma ba ƙarya ya yi ba. Inna kuwa ba a gaya mata komai ba, don ita tun farko ba ta yarda akwai mutum a cikin faifan roba ba. Daga nan ya jawo aljihun tebur ya fito da wani gwangwanin, irin na farko, da sababbin disket huɗu da ya kwafa. Ya tura min shi. Na ce ya ba wani. Ya ce hutu na gaba in taho da shi a sake kwafa, haka ake yi duk shekara.

Na kai shi Tabotaki, matata ta mayar ƙasan akwati. Shekara shida muna yawo da shi tsakanin gida da inda aka tura ni aiki, har aka daina amfani da disket, ƙanena ya juye hotunan a wani abu dabam. Inna ta rasu shekara biyu bayan wannan damina. An yi mata wasu hotunan, amma babu wanda take tare da ƴaƴana, kuma babu wanda ta yi dariya a ciki. Babbar ɗiyata tana tuna ranar turmin. Ta taɓa tambayata ina hoton ya shiga, bayan ta yi aure, na gaya mata gaskiya. Sai ta tambaye ni lafiyar gwiwata.

Ba zan ce kishin ya tafi ba. Har yau in ana taro a gida, wajen ƙanena yara ke zagayewa, nasa da nawa, ya buɗe musu waya su ga yadda gidan yake da. Ina zaune a gefe ina jin abin yana motsi, sai dai yanzu na san sunansa, ba na kuma bin abin da ya ce min.

Shekarar da ta biyo bayan waccan damina na sayi wani tsohon abin hoto mai fim a kasuwar Madawa. Ban iya saiti ba. Hotunan farko da aka wanko min, ɗana yana zaune a tabarma, an ga ƙafafunsa da cikinsa da kwanon fura, kansa kuwa ya fita daga hoton. Matata ta sa su a leda duk da haka. Fim na uku ne na fara samun fuskoki.