Tarkon da Aka Ɗana wa Mai Kwaɓa Siminti

Dattawan majami'armu sun tozarta wani saurayi a gaban jama'a, suka kira abin gwaji. Har in koma ga Ubangijina ba zan manta da wannan Lahadi ba. Wanda ya ce in yi shiru don yawancinsu sun mutu, ya yi haƙuri, ba zan yi ba.

Lokacin ana tsakiyar aikin madatsar Bakolori. Mu baƙi ne a Talata Mafara, aiki ya kwaso mu daga wurare dabam-dabam. Mijina birkila ne, ni kuwa ina sayar wa leburori tuwo a bakin hanya. Majami'armu rumfa ce ta tsofaffin kwanuka, mu mata muka daɓe ƙasanta da hannunmu. Fasto sai jefi-jefi yake zuwa daga Gusau, don haka dattawa ke karɓa-karɓar wa'azi. Babbansu shi ne mai riƙon sito a kamfani, mutum mai tumbi da tarin makullai a ƙugu, ko addu'a yake yi sai ka ji makullan na amsa masa amin. Tun da na san shi wa'azinsa guda ne: mata su rage surutu.

Shi saurayin lebura ne, yana kwaɓa siminti a magudanan ruwan da ake ginawa. A wurina yake cin tuwo. Ni a lokacin ko harafi ɗaya ban sani ba, sai da na aurar da 'ya'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci. To, shi ne ke karanta mini Littafi Mai Tsarki ina wanke-wanke, ya bi da ni a hankali har in gane. Wata rana ya ture kwano ya ce, "Mama, ina jin Ubangiji na kirana ga wa'azi. Na yi ta zillewa, abin ya ƙi sakina."

Na ce, "To me kake jira? Je ka gaya wa dattawa."

Ya je. Suka ce sai sun gwada shi, kuma ga yadda gwajin yake: ba za a faɗa masa inda zai karanta ba sai ya miƙe gaban jama'a. Wai in Ruhu Mai Tsarki ne ya kira shi, Ruhu zai sa masa magana a baki. Ka ji fa! Mutumin da ke kwashe mako guda yana shirin maimaita mana wa'azin bara, shi ne ya kawo wannan doka.

Ran Lahadi na ara masa farar rigar mijina, ta yi masa yawa a kafaɗa. Ya tsaya gaban tebur, hannuwansa duk sun tsage da siminti. Mai riƙon sito ya taso yana kacau-kacau, ya buɗe Littafin, ya dangwala yatsa, ya koma ya harɗe. Ashe wurin da ake jera sunayen kakanni ya buɗe masa, wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, shafi guda cur. Sunaye ne irin waɗanda ko yanzu da na iya karatu sai na tsaya na ja numfashi.

Ba zan yi ƙarya in ce ya burge ba. Ya yi ta tuntuɓe, gumi na ɗiga kan takarda. 'Yan mata a baya suka fara ƙyalƙyala, dariya ta bi benci-benci har gaba. Da ya kai ƙarshe ya ɗago ido ya ce, "'Yan'uwa, waɗannan mutane duka... Allah ya san kowa da sunansa..." Sai murya ta ɗauke. Ya buɗe baki, ya rufe. Da an ba shi ɗan lokaci, wa ya san inda zai kai? Amma mai riƙon sito ya riga ya miƙe.

"To, jama'a, kun dai gani," in ji shi, yana murmushi. "Kira ba na kowa ba ne. Kwaɓin siminti ma hidima ce."

Ban san sa'ad da na tashi ba. Na ce, "Baba, tun da Littafin yana buɗe, hau ka yi mana naka wa'azin a wurin, mu ma mu ƙaru."

Ya ce, "Mace ba ta magana a majami'a."

Na ce, "Amma tana daɓe ta. Ran da muke dakan ƙasar nan da kake tsaye a kai ban ji ka kawo wannan doka ba."

Mijina na jan bakin zanena, sauran dattawa kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Wani ya yi maza ya ɗauko waƙa, aka binne maganar da kiɗa. Manyan maza ke nan, ginshiƙan ikilisiya.

Da la'asar saurayin ya zo gidana da rigar, ya wanke ta ya ninke. Ya ce ana ɗibar leburori zuwa sabon aiki wajen Bakura, motar kamfani za ta tashi da safe. Wasu za su riƙa dawowa kullum da yamma, shi kuwa can zai tare.

Na ce, "Wa'azin fa?"

Ya ce, "Ashe ba Allah ya kira ni ba, Mama. Kunnena ne ya ruɗe ni."

"Mai makullai ne zai faɗa maka abin da Allah ya ce? A sito ya gan shi?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kin ga dai yadda na yi."

Na ce, "Na gani, ka yi tuntuɓe. Ran da na fara tuƙa tuwo, ko kare bai ci ba."

Ya durƙusa ya yi mini sallama ya tafi.

Abin da ranar nan ta koya mini, kuma nake faɗa wa duk dattijon da ya yarda ya saurari tsohuwa, shi ne: kira daga Allah yake, amma mutane na iya kashe shi da dariya ɗaya. Matashin da ya zo ya ce yana jin kira, da tsoro ya zo. Ba tarko yake nema ba. Wurin da zai yi kuskure ba a yi masa ihu ba yake nema, da wanda zai ce masa, sake gwadawa. In manya sun hana shi wannan wuri, to duk mai tabarma a gidansa ya shimfiɗa masa.

Washegari ban hura wuta ba. Na bi gidajen matan zumuntar majami'armu ɗaya bayan ɗaya, sannan na wuce inda motar kamfani ke ɗibar leburori. Na same shi a bayan mota, ya rungume ƙunshin kayansa. Na taka taya na fizge ƙunshin, na aza a kai. Leburori suka sa ihu, direba na danna ham.

Na ce, "Je ka yi aikinka. Kayanka na gidana. Da yamma mata za su taru a tsakar gidana, kai ne mai wa'azi. Wadda ta yi dariya, da muciya zan raka ta."

Mota ta fara gungurawa. Can sai ya kama ƙarfen mota ya leƙo ya ɗaga murya, "Mama, ina zan karanta?"

Na ce, "Inda ka ga dama! Kana da yini guda, shirya!"